Hoton Kan Sammani Mai Makulli

Duk wanda ya yi noman rani a ɓangarenmu, tsakanin Kura da Bunkure, ya san Sammani Mai Makulli. In ka tambayi mutanen garinmu yau, za su girgiza kai su ce maka, Allah sarki, mutumin kirki ne, ciwo ne ya ɓata shi. Ni ba zan ce haka ba. Sunana Isiyaku. Ubansa wan ubana ne, a gida ɗaya muka tashi, a ƙwarya ɗaya muka sha fura, kuma da hannuna na wanke gawarsa. Don haka in za a ba da tarihinsa, a bari ni in bayar, ko da bakina da ɗaci.

An haife shi tun kafin kowa ya yi mafarkin za a ga ruwa yana gudu a gonakinmu da rani. Yana yaro sanƙarau ya ɗauke ubansa, uwarsa ta koma wajen danginta a Dawakin Kudu ta yi wani auren, mahaifina Malam Jaji ya ɗauko shi ya riƙe. Baba yake ce masa kamar yadda nake cewa. Ya girme ni da 'yan shekaru, shi ya koya mini riƙon fartanya, ban ƙi faɗar wannan ba. Yaro ne mai shiru, mai aiki kamar jaki, ba ya ƙarya, ba ya ɗauke-ɗauke. Abu ɗaya ne da shi: ba ya mantuwa. Wani yaro ya taɓa ƙwace masa danƙon harbin tsuntsu da damina, bai ce uffan ba, sai da rani ya tsaga sannan ya jefa takalman yaron a rijiya. Na kuma tuna wata damina da aka mayar da tabarmarsa kusa da turken awaki. Ina ƙarami a lokacin, ban tambayi dalili ba.

Muna magidanta aka kawo ruwan madatsar Tiga. Katafila ta shigo ta baje gonakin kakanninmu, ta tuge ɗorawa da kuka, aka haƙa manyan hanyoyin ruwa da ƙanana, aka sake raba ƙasa. Kowace ƙaramar hanya tana da ƙofar ƙarfe a bakinta, da kwaɗo. In an buɗe, ruwa ya gangaro, gonakin da ke kai su fara sha, na wutsiya su jira. Ma'aikatan ruwa ba za su iya tsayawa a kan kowace ƙofa ba, sai aka ce manoma su fid da mutum ɗaya a cikinsu ya riƙe makulli. Aka zaɓi Sammani, don yana sammako, ba ya karɓar goro a hannun kowa, kuma ya ɗan yi yaƙi da jahilci. Ya sa makullin a igiyar fata ya rataya a wuya, daga ranar sunansa ya koma Mai Makulli. Gonarsa ta faɗo a kai. Tamu, ni da Baba, ta faɗo a can ƙarshen wutsiya.

Shekarun farko ya yi adalci, wannan ma ban ƙi faɗa ba. Har daga wasu garuruwan ana zuwa ganin yadda ake rabon ruwa a wajenmu ba a zare wuƙa ba.

Sai wata shekara, alkama ta fara fid da kai, lokacin da in ta rasa ruwa an gama, aka tsallake ranarmu ta ban ruwa. Muka yi shiru. Aka sake tsallakewa. Ƙasa ta tsattsage, ganye ya fara naɗewa. Baba ya ce ba yadda za a yi Sammani ya hana gidan da ya tashi ruwa, lallai ciyawa ce ta toshe hanya. Tsoho da furfurarsa ya naɗe wando ya shiga cikin taɓo, yana yashewa yana tafiya, ni ina biye da shebur, tun daga wutsiya har kai. Ba mu tarar da wata toshewa ba. Mun tarar da ƙofa a kulle, Sammani yana zaune a gindin mangwaro da mutane, suna shan rake.

Baba ne ya fara gaishe shi. Tsohon da ya yi masa kaciya, ya yi masa aure, shi ne ya fara gaisuwa, taɓo har gwiwa. Ya ce masa alkama za ta mutu, ya taimaka ya buɗe ko na ɗan lokaci ne. Sammani ya tofar da ɓawon rake, ya kama bakin rigarsa ya toshe hanci.

"Baba, ɗan matsa baya mana," in ji shi. "Wari kake yi."

Wasu suka yi dariya, irin wadda take kuɓuce wa mutum in ya ji abin da bai zata ba. Baba ya matsa baya. Abin da har yau yake ci mini rai ke nan, ya matsa ɗin. Ni kuwa sai da mutum uku suka danne ni suka ƙwace shebur. Sammani ya ce a saurari ruwa gobe. Goben ba ta zo ba sai da alkama ta zama harawa.

Baba bai sake taka gona ba, bai sake zama a majalisa ba. Daga ɗaki sai masallaci, kansa a ƙasa. Kafin daminar shekarar ta ƙare ya rasu. Ban ce Sammani ne ya kashe shi ba, ajali na Allah ne. Amma na san mutumin da ya shiga taɓon nan da safe, na kuma san wanda ya fito.

Daga nan na yanke shi. In mun haɗu a sahu sai in sake wuri. In ya shigo gidan suna ta zaure, in fita ta baya. Limaminmu, Malam Sunusi, wanda gidansu ke da makarantar allo tun kaka da kakanni, ya yi wa'azin yanke zumunci ya fi a ƙirga, yana yi yana kallon inda nake zaune. Ina jin sa, kunne ne dai ba ya da murfi.

Ana nan sai halin Sammani ya fara taɓa kowa. Ya buɗe ruwa ya manta, ya kwana yana malala, albasar Tambaya, maƙwabcin gonarsa, ta ruɓe kaf a ƙasa. Da Tambaya ya yi magana, ya zage shi ta uwa ta uba. Mutumin da a da ko murya ba ya ɗagawa ya koma mai ashar a gaban surukai. Ya tsaya ya yi fitsari a hanyar ruwa mata na wanki a ƙasa. Ya tuntsire da dariya a wajen zaman makoki. Ya daina wanka sai an yi da gaske, ya riƙa ɗaure kai da rawani tam yana cewa kansa zai tsage. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu, masu hankali suka ce girman kai ne ya yi masa yawa. Da abin ya ishi jama'a aka fasa kwaɗon aka sa sabo, aka ba wani. Shi kuwa bai cire tsohon makullin daga wuyansa ba, kullum yana zuwa yana cusa shi a kwaɗon da ba nasa ba, yara suna yi masa ihu.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin shekarun nan. Garin gaba ɗaya ya dawo layina. Waɗanda suka yi dariya a gindin mangwaro su ne suka riƙa tare ni a hanya suna cewa, ashe Isiyaku kai ka fara gane shi. Ni dai sai in ce musu hali zanen dutse.

Wata rana da hantsi farfaɗiya ta kayar da shi a bakin babbar hanyar ruwa, ya gangara ciki, masu ɗibar tumatir suka tsamo shi yana kumfa. Babban ɗansa Garzali, malamin firamare ne a Kura, ya kwashe shi zuwa Kano. Aka yi masa hoton kai irin wanda muka sani, na ƙashi, ba a ga komai ba sai ƙoƙon kai. Likita ya ce ƙashi ne ya rufe abin da ake nema, amma an kawo wata sabuwar na'ura wani babban asibiti a Kudu, wadda take ganin ƙwaƙwalwar kanta. Lokacin kakar tumatir ne, manyan motoci suna ta lodi, aka samu direban da ya ba su gidan gaba. Haka Sammani ya tafi Kudu, kwandunan tumatir a bayansa.

Bayan 'yan makonni Garzali ya dawo shi kaɗai, riƙe da wani ƙaton ambulan ruwan ƙasa. Ya roƙi Malam Sunusi ya tara magidanta a zaurensa bayan la'asar. Na je, ba don komai ba sai don in ji ko ya mutu.

Garzali ya zaro wata baƙar leda mai kauri ya ɗaga ta a bakin ƙofa, inda haske yake shigowa. A jikinta akwai ƙananan da'irori a jere, layi-layi, kamar yankakken tumatir da aka shanya a tabarma. Ya ce kowace da'ira kan babansa ce. Wani tsoho ya yi salati, ya ɗauka yanka shi aka yi. Garzali ya ce ko aski ba a yi masa ba. An kwantar da shi ne a wani siririn gado, aka tura kansa cikin wani zobe mai faɗi, hasken hoto ya yi ta zagaya shi, na'ura tana lissafi tana fitar da hoton kan falle-falle, daga saitin ido har tsakar ka. In likita ya ɗora fallen nan ɗaya kan ɗaya a ransa, zai san tsawon abu da faɗinsa da zurfinsa, kamar yana riƙe da shi a hannu.

Sai ya sa yatsa ya nuna. A falle na ƙasa wani ɗan farin ɗigo ne a gaba, saman hanci. A na gaba ya ƙara girma. A na tsakiya ya cika gaban kan, ya ture ƙwaƙwalwa gefe da gefe, sannan ya riƙa raguwa har ya ɓace. Ƙari ne, in ji Garzali, ya kai girman lemo. Likitoci sun ce nan wajen ne mazaunin kunya da haƙuri da kame kai, in an danne shi mutum sai ya zama wani daban. Sun ce ya danne jijiyar jin ƙanshi, ya fara taɓa ta gani. Sun kuma ce irin wannan a hankali yake girma, wataƙila shekara biyar, wataƙila goma, ba mai iya yankewa. Za a buɗe kan a cire shi, kuma ba kowa ke tashi daga irin aikin ba. Shi ya sa ya dawo, don a al'adarmu ba a kai mutum ƙarƙashin wuƙa da haƙƙin jama'a a wuyansa. Ya durƙusa a tsakiyar zaure ya ce a yafe wa babansa.

Gani ya kori ji. Tambaya, wanda ya yi rantsuwa ko gawar Sammani ba zai bi ba, shi ya fara share hawaye. Malam Sunusi ya gyara murya ya ce wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, ba a rubuta masa zunubi. Nan take zaure ya koma wajen rabon gado. Kowa ya kawo abin da aka yi masa, a tambaye shi wace shekara ce, ta farin nan ko ta tsutsar tumatir, a duba ko ta faɗa cikin shekarun ƙari. Likita ya ce biyar ko goma, su kuwa suka ɗauki goma, don ita ce ta fi rufe kowa. Da suka ga goman ma ba ta isa ba suka riƙa ja da baya. Wani dattijo, Baballe, ya kawo maganar jakinsa da Sammani ya doka tun suna samari, aka ce ai wataƙila tun lokacin abin ya fara tsiro. Na zauna ina kallon ikon Allah. Da an bar su, takalman da ya jefa rijiya ma ƙarin ne ya jefa.

Da aka zagayo kaina, na tambayi Garzali yaushe babansa ya daina jin wari. Ya ce mahaifiyarsa Habiba ta tuna sarai, shekarar da aka yi canjin kuɗi ne, ranar da kananzir ya zube a miya ya cinye tuwonsa bai sani ba.

"To," na ce, "ranar da ya toshe hanci ya ce ubana yana wari, ai da sauran shekaru kafin canjin kuɗi. Hancin yana aiki a ranar ko ba ya yi?"

Garzali ya ce, Baffa, likitan ma bai iya faɗar rana ba. Na ce to ni ma ban iya faɗar ranar yafiyata ba. Na ɗauki takalmina na fita.

Daga ranar gaba ta juyo kaina. Mutanen da suka shekara suna zagin Sammani a gabana suka koma zagina a bayan idona. Wai ina gaba da marar lafiya, wai zuciyata ta fi ta kafiri tauri. In na yi sallama a majalisa sai hira ta mutu. Ranar ɗibar tumatir ɗina ba wanda ya zo taya ni. Matata Saude ta dawo daga gidan biki tana kuka, ta ce mata sun tashi sun bar ta ita kaɗai a tabarma, ta ce me zai rage ni in na buɗe baki na faɗi kalma biyu. Na ce mata ubana ne zai ragu. Malam Sunusi ya zo har gida da ayoyinsa, na shimfiɗa masa buzu, na ba shi ruwa, na raka shi bakin ƙofa.

Ana gobe zai koma Kudu, Garzali ya zo da ambulan ɗinsa. Yaron nan bai taɓa yi mini komai ba, kuma ya rame ya yi baƙi, na ji tausayinsa. Ya sake ɗaga ledar a hasken tsakar gida yana nuna mini farin abin, falle bayan falle, kamar ban gani ba a zaure. Na ce ya mayar da ita.

"Garzali, na ga ƙarin, ban ƙaryata likita ba. Amma ba na yafe wa tsoka. Mutum ne ya yi mini, mutum zan jira."

Ya tafi yana share ido. Aka shiga da Sammani ɗakin tiyata da yafiyar gari guda, ban da tawa.

Bai mutu ba. Bayan an yanke alkama aka dawo da shi, kai a aske, da tabon ɗinki daga kunne zuwa kunne, idanun sun kusa tafiya, ƙafafun ba ƙarfi. An ce sun cire mafi yawan ƙarin, saura ya maƙale inda wuƙa ba ta isa. Amma ashar ta tafi, dariyar banza ta tafi, ya koma mai shirun nan na da. Gidansa ya cika da 'yan dubiya, kowa ya fito yana cewa ka gani ko, Sammaninmu ya dawo. Ni ban je ba.

Sai ga Habiba da kanta a gidana, da rana tsaka, da lulluɓinta. Matar nan ta yi wa Baba tuwo shekara da shekaru, ta yi jinyarsa tare da Saude a lokacin da mijinta ko leƙowa bai yi ba. Ta ce maigidan yana kirana. Ita ban iya ce mata a'a ba.

Na same shi a rumfar tsakar gida, a jingine da bango, tsohon makullin nan har yanzu a wuyansa. Ya sa aka fitar da kowa. Ya juyo da fuska wajen da ya ji motsina, ya ɗan kauce kaɗan, yana kallon randa.

"Isiyaku ne?"

"Ni ne." Ban ce masa Yaya ba.

"An ce kowa ya yafe, kai kaɗai ka ƙi."

"Haka ne."

"Ka yi daidai."

Na yi zaton ban ji da kyau ba. Ya ce in zauna, na ƙi, ya ci gaba a haka. Ya ce shekarun nan na baya kamar labarin wani ake ba shi. Albasar Tambaya, fitsari a ruwa, dariyar makoki, duk bai tuna ba, in an gaya masa sai kunya ta kama shi kamar an ce ɗansa ne ya yi. Amma ranar gindin mangwaro tana nan daram. Ya faɗi kalar hular da ke kan Baba. Ya faɗi wanda ya kawo raken.

"Na ji ka tsaya a kan maganar hanci," in ji shi. "Ka bar ta. Ko da hancin ya mutu a lokacin, da na faɗa. Ba wani wari da yake yi, taɓo ne kawai. Ni na tsallake ranarku, don na san zai zo da ƙafarsa. Da hankalina na yi."

Abin da na shekara ina jira in ji ke nan. Na tambaye shi me Baba ya yi masa ban da ci da sha da sutura.

Ya ce in tuna daminar da aka kai tabarmarsa turken awaki. Tsargiya ce ta kama shi a kududdufi, fitsari da jini, yana kuɓuce masa cikin barci. Wata safiya ya kai wa baƙi ruwa a zaure, dangin uwarsa ne suka zo ganinsa daga Dawakin Kudu, Baba ya kama bakin riga ya toshe hanci, ya ce masa ya matsa baya. Baƙin suka yi dariya. Ya ce tun daga ranar yake ajiye da maganar a ransa, ya yi aure da ita, ya haifi 'ya'ya da ita, har Allah ya ba shi makulli.

Raina ya ɓaci fiye da yadda na shigo. Ya wulaƙanta tsoho da ransa, yanzu kuma ya tono shi daga kabari ya ɗora masa laifi. Da ƙarya ce da na samu abin riƙewa, amma na tuna tabarmar, kuma Sammani ba ya ƙarya. Na ce masa ko da Baba ya faɗa, uba ne ya faɗa wa yaro, kuma shi ya ciyar da shi har ya zama mutum.

"Ya ciyar da ni," in ji shi. "Shi ya sa nake neman gafara. Mutanen nan sun zo sun yafe wa hoto, ni ina zaune ina amsawa da na gode. Kai kada ka yafe wa hoto. Ni za ka yafe wa, in za ka iya."

Kaji suna tono a gindin randa, Habiba tana can ɗaki, na san tana ji. Na duba cikina ban samu wani sanyi ba, ƙiyayyar tana nan inda take. Amma na ce mutum zan jira, ga shi mutum ya zo.

"Nawa na yafe," na ce. "Alkamata, da abin da na ji a kunnena. Na Baba ba nawa ba ne. Ku je can ku ƙarata."

Ya gyaɗa kai a hankali ya ce to, madalla, ya isa. Ina juyawa ya ce in lokaci ya yi ni yake so in wanke shi. Na fita.

Ya ƙara damina ɗaya, ciwon kan ya dawo, ya rasu ana tsakiyar dashen tumatir. Na je na wanke shi, don ba wanda ya fi ni kusa. Ni na cire igiyar daga wuyansa, fatar ta yi baƙi ta ƙame, na miƙa wa Habiba makullin. A bakin kabari Malam Sunusi ya tuna wa jama'a cewa bawan Allah nan an jarrabe shi da ciwon da ya ɗauke masa alƙalami, aka amsa da amin har da masu kuka.

Bayan sadakar bakwai na kira Garzali gefe na gaya masa abin da babansa ya faɗa mini a rumfa, kalma da kalma. Na ga ya kamata ɗa ya san ubansa. Ya saurare ni da ladabi har na gama. Sannan ya shiga ɗaki ya ɗauko ambulan ɗin nan, ya ɗaga ledar a haske, ya nuna mini wajen da likitoci suka ce saura ya maƙale. Ya ce, Baffa, ai ba a cire duka ba, ragowar ce take sa shi faɗar abin da bai yi ba. Maganar ta zaga gari, kowa ya karɓa hannu bibbiyu, har ana cewa Allah sarki, ciwon bai bar shi ba har ƙarshe.

Gaskiya guda ɗaya da mutumin nan ya tattara ƙarfinsa ya faɗa, ita ma sun ƙwace sun ba wa ƙari. Hoton yana nan a gidan Garzali, a saman sif, ana sauko da shi a nuna wa jikoki. Garin nan kaf ƙari suka yafe wa. Sammani kuwa, wanda ya kama bakin riga ya toshe hanci, mutum ɗaya ne ya yafe masa, shi ma rabi.